A ɗauke babban birnin Jigawa daga Dutse, ko dai a kawo mana aikin kusa?

Dan_Birniwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da ɓacin rai na shigo wallahi. Makon jiya na ɗauki mahaifina, tsohon hedimasta ne, shekara talatin da biyar yana koyarwa, yanzu ƙafa ta hana shi sakat, na kai shi wani ofis a Dutse saboda takarda guda ɗaya da aka ce sai shi da kansa zai sa hannu. Muna idar da asuba muka fita, sai wajen azahar muka isa saboda canjin mota da jiran fasinja, muna zuwa aka ce mai sa hannun ya fita taro a dawo gobe. A gidan wani abokin karatuna muka kwana, tsoho a kan tabarma. Kuɗin da na kashe a mota da abinci ya kusa cinye abin da muka je nema. A hanyar dawowa nake ta tunani, wai me ya sa aka kai fadar jihar nan can kudu kusa da Bauchi? Masarautar Hadejia ƙananan hukumomi 8 gare ta cikin 27, ga kasuwa ga noma ga jama'a. Don Allah mene ne laifi idan aka ce a dawo da babban birnin jiha Hadejia, ko aƙalla wani gari da yake tsakiya? Ina so masu ilimi su faɗa min gaskiya, abin zai yiwu ko ba zai yiwu ba, kuma idan zai yiwu nawa zai ci

Ummu_Khadija:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Wallahi na ji abin nan har cikin raina, nawa mahaifin ma haka muka yi ta fama kafin Allah ya yi masa rasuwa

Yaron_Garu:
Allah ya ƙara sauƙi. Amma Malam maganar a ɗauke fadar jiha kam a bar ta. Shekara sama da talatin ana zuba dukiya a Dutse, sakatariya, majalisa, kotuna, gidan gwamnati, filin jirgi, jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, duk a bar wa jemagu kenan? Kuma kowa ya san ko ina aka kai ta wani zai yi nisa da ita

Bakazaure:
To ai mu ya kamata mu fi kowa kuka. Mutumin Roni ko Gwiwa ko 'Yankwashi idan zai je Dutse sau da yawa sai ya fita daga jihar ya ratsa Kano sannan ya sake shigowa Jigawa. Idan kuka kai ta Hadejia kun ƙara mana nisa ne kawai. Ni dai in za a ɗauke a kai Ringim ko Gumel mu ma mu sha iska

Barista_Gumel:
Bari in fara da ɓangaren doka tunda Dan_Birniwa ya tambaya ko zai yiwu. Mutane da yawa suna ɗauka gwamna da majalisar jiha za su iya zama su ce daga yau mun koma gari kaza. Ba haka ba ne. A kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na farko ya jero kowace jiha da ƙananan hukumominta da kuma sunan babban birninta, Jigawa an rubuta Dutse ƙarara. Canja wannan gyaran tsarin mulki ne, ana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da na wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Wato sai ka shawo kan ɗan majalisar Ebonyi da na Bayelsa a kan rigimar Dutse da Hadejia. Kuma da zarar an buɗe wannan ƙofa, mutanen Warri za su taso a kan Asaba, na Potiskum a kan Damaturu, na Wukari a kan Jalingo. Shi ya sa ba na ganin akwai majalisar da za ta yarda ta taɓa shi. Abin da gwamna zai iya yi da alƙalaminsa shi ne ya kai ma'aikata ko hukuma wani gari, wannan kuwa an taɓa yi mana a jihar nan

Dan_Birniwa:
Na gode Barista. Ban san sunan Dutse yana cikin kundin ba wallahi. Wane lokaci kake nufi an taɓa yi?

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana bari in ba ka labari tunda da mu aka yi. Ina cikin ma'aikatan da aka turo daga Kano bayan Babangida ya ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agusta 1991. Dutsen da muka tarar ba wannan da kuke gani ba ce, gari ne ƙarami, ofis ɗinmu na farko ɗaki biyu ne na aro, mu shida a tebur ɗaya, gidan haya babu, yawancinmu iyali suna Kano, Litinin mu zo Juma'a mu gudu, wasu ma kullum suke zuwa su koma. Mutanen Hadejia a lokacin ransu ya ɓaci sosai don sun sa rai su za a ba, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma har gobe akwai masu neman jihar Hadejia.

To da Saminu Turaki ya hau a 1999 sai ya kawo tsarin rarraba ma'aikatu, aka watsa su zuwa garuruwan masarautu, wannan a Hadejia, wancan a Gumel, wata Kazaure, wata Ringim. Manufar mai kyau ce, kowa ya ɗanɗana gwamnati a ƙofar gidansa. Kuma ba zan yi ƙarya ba garuruwan sun amfana, masu gidan haya, masu abinci, 'yan acaɓa, kowa ya samu. Amma mu masu riƙe da fayil mun ga tasku. Takarda ɗaya tana buƙatar hannun ma'aikata uku, kowacce a garinta, sai ka kwana biyu a hanya a kan abin da da a gini ɗaya ne minti talatin ya ishe shi. Man da motocin gwamnati suka sha a shekarun nan Allah kaɗai ya san yawansa, ga hatsari, na rasa abokin aiki a hanya da fayil a hannunsa, Allah ya jiƙansa. Kuma talakan da ake cewa an kawo wa gwamnati kusa, idan matsalarsa tana ma'aikatar da aka kai ɗaya ƙarshen jihar, nisan ma ƙaruwa ya yi. Da Sule Lamido ya zo a 2007 ya tattaro su ya mayar Dutse ya gina sabuwar sakatariya. Na ga tsarin biyu da idona, kowanne da inda yake ciwo. Abin da nake so ka gane shi ne wahalar da mahaifinka ya sha ba ta da alaƙa da inda gwamna yake kwana, tana da alaƙa da wanda aka ba ikon sa hannu da inda aka ajiye shi

Ummu_Khadija:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan tarihi ne da ba a koya mana ba

Jikan_Buhari_Hdj:
Da girmamawa Baba, amma ku mutanen sakatariya kullum ta fuskar fayil kuke kallon abu. Mu ta fuskar gari muke kallo. Duk garin da aka ba hedikwata shi ke samun titi, shi ke samun fitila, manyan likitoci can suke son zama, ɗan kwangila can zai gina otal, filin da ba a bakin komai ba ya koma miliyoyi. Hadejia da ta tsaya ta fuskanci Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada, garin da kifinsa da shinkafarsa da tattasansa suke ciyar da rabin Arewa, a ce komai sai mun je mun durƙusa a wani wuri. Wannan shi ne abin da ke cin ran mutane ba wai sa hannu kawai ba

Yaron_Garu:
Ba wanda ya ce ku durƙusa. Mu ma ba mu muka zaɓi kanmu ba, soja ne suka zauna suka yanke. Kuma ka zo ka zaga ƙauyukan da ke bayan duwatsun nan ka gani ko hedikwatar ta kai musu ruwan famfo

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Ba ma son abin ya koma Hadejia da Dutse wa ya fi wani. Duk wanda ya zagi masarauta ko sarki zan goge. A ci gaba da hujja

Injiniya_Auyo:
Ni ɗan masarautar Hadejia ne gaba da baya amma ba na goyon bayan a ɗauko fadar jiha, kuma dalilina na aiki ne. Mu lissafa abin da sabon babban birni yake buƙata: gidan gwamnati, sakatariyar da za ta ɗauki dubban ma'aikata, zauren majalisa, babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, gidajen alƙalai da kwamishinoni, hedikwatar 'yan sanda da sauran jami'an tsaro, ofisoshin tarayya da dole su biyo, tituna, ruwa, wuta, magudanai, sannan diyyar gonakin da za a karɓe. A farashin siminti da rodi na yau wannan ba aikin kasafin shekara ɗaya ko biyu ba ne, bashi za a ci wanda jikokinmu za su biya.

Sannan a ina za a gina? Mun manta 2022 ne? Ruwa ya ci Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kirikasamma, Miga, Ringim, mutane suna kwana a makarantu da bakin titi, matasan Hadejia suna kwana a kan jinga da buhunan ƙasa don kada ruwa ya ɓalle cikin gari. Haka aka yi a 2018 da 2020. Matsalar kogin nan sananniya ce, tun da aka gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa yanayin tafiyar ruwan ya canja, yashi ya cike hanyarsa, kachala ta toshe rassan, ruwa ya rasa inda zai bi sai gonaki da gidaje, ga tsuntsayen jan baki da ke kwana cikin kachalar su fito su cinye shinkafa. Idan akwai biliyoyin da za a gina sabon gidan gwamnati, wallahi ni a ba ni su a yashe kogi, a yi jinga ta dindindin, a faɗaɗa aikin noman rani na kwarin Hadejia. Manomin Ganuwar Kuka ko na Gamsarka ba ofishin kwamishina ne ya hana shi barci ba, ruwan Agusta da Satumba ne

Hajiya_Mai_Kifi:
Injiniya Allah ya yi maka albarka. Mu da muke kasuwa abin da muke so wurin ajiya mai sanyi da wuta da hanya mai kyau. Shekarar ambaliya kayana sun lalace a hanya mota ta kasa wucewa, ba gwamna nake nema a maƙwabta ba ni dai

Jikan_Buhari_Hdj:
Injiniya to ai wannan ma hujjata ce. Da a ce gwamna da kwamishinoni a bakin kogin nan suke kwana, da iyalansu a ciki, kana ganin kachala za ta shekara talatin tana toshe ruwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda yake kan dutse ruwa bai taɓa shiga ɗakinsa ba sai dai a kai masa rahoto

Injiniya_Auyo:
Maganarka tana da ƙamshin gaskiya ban musa ba. Amma Lokoja fadar jihar Kogi ce kuma ruwa yana cin ta kusan duk shekarar da kogi ya cika, Makurdi ma haka, Maiduguri da gwamna yake ciki dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ya shanye rabin gari. Zaman gwamna a wuri bai hana ba. Kuma gwamnan yanzu ai ɗan Kafin Hausa ne, ba sai an kai masa rahoton ambaliya ba, ya san ta tun yana yaro

Damagaram_227:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ku ba ni dama in sa baki daga Zinder. Mu an yi muna abin da kuke magana a kai. Damagaram ita ce babban birnin mulkin Faransa a Nijar har 1926 da suka kwashe suka koma Yamai. Dalilan da ake faɗi, ƙarancin ruwan sha a Zinder alhali Yamai tana bakin kogi, da kuma Faransawa ba su son kusancinmu da Kano da ƙasar Ingilishi. Yau shekara kusan ɗari kenan, kuma matsalar ruwan da aka ce ita ta sa aka tashi ba ta rabu da mu ba, har yanzu akwai unguwannin da ake bin 'yan garuwa. Wanda yake da babbar takarda sai ya yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai. Abin da nike son in ce, duk garin da aka ɗauke wa gwamnati ba ya mantawa, kakanninmu sun mutu da zancen, mu ma muna yi. Idan kun ɗauke daga Dutse kun warkar da ciwon Hadejia kun buɗe sabo a Dutse, kuma shi ma zai kai jikoki

Yaron_Garu:
Na gode ɗan'uwa. Abin da nake ta son faɗi kenan ban iya tsara shi haka ba

Malam_Tarihi:
Ƙari a kan na Damagaram, mu ma a Arewa an yi. Zungeru ce hedikwatar Gwamna Lugga na Turawan mulkin mallaka tun 1902, aka tashi aka koma Kaduna a 1917, je ka ga Zungeru yau ka ga abin da ya rage. Sai Abuja, Murtala ya kafa kwamitin Aguda na duba batun sabon babban birnin tarayya a 1975, aka yi dokar a Fabrairun 1976, amma ba a tare ba sai 12 ga Disamba 1991. Shekara goma sha biyar da kuɗin man fetur na tarayya gaba ɗaya. Kuma Gwarawa da sauran 'yan asalin wurin da aka tasa, wasu aka kai Sabon Wuse, har yau maganar diyya da matsuguni ba ta mutu ba. Jiha da take jiran kason wata daga Abuja ina za ta iya wannan

Dan_Birniwa:
Ina karantawa duka. Gaskiya jikina ya fara sanyi da maganar ɗaukewa, amma har yanzu ba wanda ya faɗa min yadda tsoho mai ciwon ƙafa zai daina kwana a tabarmar mutane saboda sa hannu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 zuwa Dutse ya zama sai an yi shiri kamar za a yi biki

Dalibi_a_Indiya:
Yaya Dan_Birniwa kafin a amsa maka bari in kawo abin da na gani a nan, don a jihar Andhra Pradesh nake karatu kuma rigimarsu kenan sak. A 2014 aka raba jihar aka cire Telangana, babban birnin Hyderabad ya faɗa ɓangaren sabuwar jihar. Babban ministansu Chandrababu Naidu ya ce zai gina sabon birni mai suna Amaravati a bakin kogin Krishna, manoma suka ba da gonaki eka wajen 33,000 bisa alkawarin za a ba su filaye a cikin birnin da kuɗin shekara shekara, Firaminista Modi ya zo ya aza harsashi a Oktoban 2015. Sai aka yi zaɓe a 2019 Jagan Mohan Reddy ya ci, ya ce shi birni uku zai yi, gwamnati a Visakhapatnam, majalisa a Amaravati, kotu a Kurnool, kusan irin abin da Baba_Mai_Ritaya ya ba da labari. Aiki ya tsaya cak, gine-gine rabi da rabi ciyawa ta rufe su, manoman nan ba gona ba birni, suka yi sama da shekara huɗu suna zaman dirshan da shari'a. A 2024 Naidu ya dawo aka sake komawa kan Amaravati. Na bi ta wurin da kaina na ga ƙarafa sun yi tsatsa a cikin ruwa. Abin da ya fi ba ni tsoro kenan a namu, gwamna ɗaya ya fara wani ya zo ya ce ba shi ya sa ba, wanda ya ba da gonarsa shi ke kwana ciki

Ummu_Khadija:
Innalillahi. Kullum dai manomi

Bahaushe_a_Amurka:
A jihar Alaska ta nan Amurka ma sun yi wannan. Babban birninsu Juneau ko titin mota bai haɗa shi da sauran jihar ba, sai jirgin sama ko na ruwa, alhali yawancin jama'a suna yankin Anchorage. A 1974 suka jefa ƙuri'a a ɗauke, a 1976 suka zaɓi wani wuri Willow, amma da aka kawo musu lissafi a 1982 cewa zai ci dala biliyan 2.8 sai suka ce a'a, har yau Juneau ce. Abin da ya burge ni suna da doka cewa ba a ƙaura sai an bayyana wa masu zaɓe kuɗin gaba ɗaya sun amince. Mu wa ya taɓa tambayarmu kafin a gina wani abu da sunanmu

Bakazaure:
Wannan tambayar taka ta ƙarshe ita ce magana. Filin jirgin Dutse da aka buɗe a 2014 an tambayi wani? Ban da lokacin aikin Hajji sau nawa talaka ya taka shi

Yaron_Garu:
Alhazanmu sun huta da zuwa Kano su kwana a sansani ai. Kuma babban birni ba filin jirgi wane mai zuba jari ne zai zo

Bakazaure:
To ina masu zuba jarin

Admin_Zaure:
Maganar filin jirgi a buɗe mata nata zaren daban. A koma kan tambayar Dan_Birniwa

Nas_Maryam:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a karkara shekara tara, bari in faɗi abin da nake gani. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama ƙarfe biyun dare a ƙauyen da ke bayan fadama, ba ruwanta da ko fadar jiha tana Dutse ko Hadejia ko Makka, abin da zai cece ta asibitin da ke da likita da jini da wuta a cikin tafiyar awa ɗaya, da hanyar da mota za ta bi da damina. Na riƙe hannun mata sun cika a bayan a kori kura muna hanya, ba zan manta fuskokinsu ba. Duk lokacin da na ji ana maganar biliyoyin gini sai in riƙa lissafa ungozoma nawa za a ɗauka da kuɗin, sola nawa za a sa a ɗakunan haihuwa. Ku yi haƙuri idan na fita daga layi amma abin yana ci min rai

Hajiya_Mai_Kifi:
Ba ki fita ba 'yata, ke ce ma a kan layin

Jikan_Buhari_Hdj:
Malama Maryam Allah ya biya ki. Amma ku lura da abu ɗaya, kullum idan aka zo maganar haƙƙin yankinmu sai a ce a bari a yi asibiti da kuɗin. To an bari ɗin shekara talatin, ina asibitin? Kuɗin da aka ce an tanada ta hanyar ƙin ɗaukewa ba ya zuwa ƙauye, a babban birnin yake ƙarewa, shataletale da fitilun kan titi. Ni da za a rubuta a doka cewa kaso kaza na ayyukan raya ƙasa dole ya tafi kowace masarauta gwargwadon jama'arta kuma a riƙa buga lissafin kowa ya gani, wallahi da na yi shiru da maganar hedikwata

Barista_Gumel:
Wannan kuwa majalisar jiha za ta iya yi ba sai an je Abuja ba. Kuma a yi adalci, ba komai aka tara a Dutse ba. Jami'ar jiha tana Kafin Hausa, kwalejin ilimi tana Gumel, kwalejin Binyaminu Usman tana Hadejia, Kazaure na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, Babura ta samu jami'ar fasaha ta tarayya, babban asibitin tarayya yana Birnin Kudu. Makaranta da asibiti suna zaunuwa a ko ina su yi amfani, ma'aikatu ne rabuwarsu take kawo wahala kamar yadda Baba ya faɗa.

Wani abu kuma da ban so mu raina, ɗauke hedikwata ko ta ƙaramar hukuma ce tana iya jawo jini a ƙasar nan. Rikicin Warri na 1997 ya tashi ne bayan an ɗauke hedikwatar ƙaramar hukuma daga Ogbe-Ijoh zuwa Ogidigben, Ife da Modakeke ma a shekarar kan irin wannan suka sake kamawa. Nan kusa a Bauchi an mayar da ta Tafawa Balewa zuwa Bununu a 2012 kuma har yanzu ana jayayya a kai. Jigawa Allah ya rufa mana asiri da zaman lafiya, kada mu taɓo abin da zai raba mu

Baba_Mai_Ritaya:
Dan_Birniwa ka ce ba a amsa maka ba, to ga amsata. A kowace masarauta a samu ofis guda mai cikakken iko, ba na jeka-na-yi-ka ba, wanda darakta zai zauna ya tantance ɗan fansho, ya sa hannu a takardar fili, ya karɓi ƙorafin malami, a gama a nan ba sai fayil ya tafi Dutse ba. Tsofaffi da marasa lafiya kuma a bi su gida, ma'aikaci ɗaya da babur da waya mai ɗaukar hoton yatsa ya isa ya zaga gunduma. Bambancinsa da na zamanin Saminu shi ne ba ma'aikatar za a ɗauke ba, hannun da ke sa hannu za a yawaita. Amma in gaya maka gaskiya a matsayina na wanda ya yi aikin, manya ba sa son sakin alƙalami, domin duk wanda fayil yake bi ta teburinsa shi ake gaisarwa. Nan gizo yake saƙa

Dalibi_a_Indiya:
Baba ai yanzu ma ta waya za a iya, a nan tsofaffi da yawa ta manhaja suke nuna suna raye a ci gaba da biyansu

Dan_Birniwa:
Ƙanena a garinmu sai ka hau tudu kafin ka samu sabis, kuma Baba ko saƙon tes sai an karanta masa yanzu saboda ido. Shawarar babur ɗin ta fi kama hankalina

Bakazaure:
Idan layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya kammala da reshensa na Dutse, mu na Kazaure mun samu sauƙi. Ku kuma na gabas ku matsa a farfaɗo da tsohon layin Nguru da ya bi ta Malam Madori da Birniwa, ko kaya ya riƙa ɗauka

Jikan_Buhari_Hdj:
Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba, kuskure aka yi a 1991 kuma faɗin haka ba laifi ba ne. Idan ɗaukewa ta gagara to a ba mu jiharmu

Injiniya_Auyo:
Sabuwar jiha ma ai sabon gidan gwamnati ne da sabuwar sakatariya da sabbin jerin motoci, lissafin da na yi a sama bai canja ba. Kuma ranar da aka ba mu, mutumin Birniwa da na Guri za su fara cewa komai an tara a Hadejia

Jikan_Buhari_Hdj:
Aƙalla Birniwa zuwa Hadejia ba a kwana a hanya

Ummu_Khadija:
Wai ni Dan_Birniwa takardar ta fito kuwa bayan duk wannan?

Dan_Birniwa:
Ya sa hannu Hajiya, amma an ce akwai sauran hoto da za a ɗauka, mu koma bayan sati biyu. Ina nan ina neman wanda zai ba mu aron mota don ƙafar ba za ta jure motar haya ba kuma. Barista idan na rubuta takardar koke zuwa ga ɗan majalisarmu a kan shawarar Baba ta ofishin masarauta da bin tsofaffi gida, za ka duba min ita kafin in kai? Kuma waɗanda iyayensu suka sha irin wannan ko daga wace masarauta ce su yi min magana ta akwati mu haɗa sunaye

Barista_Gumel:
Turo ta, zan duba in sha Allah. Ka sa kwanan watan da kuka je da abin da kuka kashe dalla-dalla

Yaron_Garu:
Ranar da za ku dawo ka sanar da ni tun da wuri, akwai ɗaki da katifa a gidanmu, kada Baba ya sake kwana a tabarma. Sunana ma ka sa a takardar